Wa ya fi alhakin mutuwar Eva Smith? Muhawara a zauren masu karatu na Gombe

Malamar Adabi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman ra'ayinku a kan wasan kwaikwayon J.B. Priestley, An Inspector Calls, wanda yanzu yaranmu masu shirin WAEC ke karantawa. Ga wanda bai karanta ba, labarin a 1912 ne a wani garin masana'antu na Ingila da marubucin ya sa wa suna Brumley, iyalin attajiri Birling suna walimar baikon 'yarsu Sheila da Gerald Croft, sai ga wani sufeton 'yan sanda ya shigo ya ce yanzu wata yarinya 'yar shekara 24 mai suna Eva Smith ta mutu a asibiti, guba ta sha. Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Uban ya kore ta daga masana'antarsa, Sheila ta sa an kore ta daga shagon da ta samu aiki, Gerald ya ajiye ta watanni ya rabu da ita, Eric ɗan gidan ya yi mata ciki, uwar kuma ta hana a taimake ta lokacin da ta je ƙungiyarsu ta agajin mata. Tambayata, wa ya fi ɗaukar alhaki? Ni dai uwar nake gani amma ina so in ji naku.

Hamma na Jekadafari: Wa'alaikumus salam Malama. Kowa za ku kama ku kama amma ku cire uban a ciki. Mutum ya sallami ma'aikaciya a watan Satumba 1910, ta mutu a 1912, kusan shekara biyu fa, sannan ace shi ya kashe ta? To idan haka ne duk wanda ya taɓa sallamar yaron shago a garin nan sai ya zauna yana jiran ranar da za a zo masa da gawa. Kasuwanci ba gidan marayu ba ne, yajin aiki suka yi kuma ita tana cikin masu zuga sauran.

Baffa na Kumo: Hamma bari in maka lissafin kuɗin, mu da muka yi amfani da fam da sule kafin naira ta zo a 1973 mun fi ku gane shi. Ana biyan yaran nan sule 22 da sisi a sati, suka ce a mayar musu 25. Sule biyu da sisi kenan suke nema. Ya ce a'a, to shikenan dukiyarsa ce. Yajin ya karye don ba su da ko kwabo, bayan hutun Agusta ne aljihu ya bushe, suka dawo aiki a kan tsohon kuɗin. A nan ne maganar take ɗana. Ya riga ya ci nasara, ya mayar da kowa, sai mutum huɗu ko biyar da suka buɗe baki su ya kora, kuma da bakinsa ya ce ita ma'aikaciya ce mai kyau har ana shirin yi mata ƙarin matsayi. Wannan korar don sauran su ji tsoro ce, ba don asara ba. Kuma yarinyar ba uwa ba uba, ba dangin da za ta koma wajensu, wata biyu ta yi ba aiki tana zaman haya.

Hamma na Jekadafari: Baffa Allah ya ƙara girma, amma shi ya san ba ta da iyaye? Mata ɗarurruwa ke masa aiki.

Baffa na Kumo: Bai sani ba don bai tambaya ba. Ka je Tudun Hatsi da safe ka ga matan da ke tsince wake da riɗi, wata da goyo a baya, ƙura ta rufe mata gashin ido, tun hantsi har la'asar a durƙushe kan buhu. Idan ɗaya ta ce Alhaji a ƙara mana, me ake cewa? Gobe kar ki zo. Ba wanda ke bin ta ya ga me aka dafa a gidanta washegari.

Hamma na Jekadafari: Ni ma a hatsin nake Baffa, kuma wlh ba kowa ke haka ba, sannan ku da ke waje ba ku san yadda ribar take ba, ga kuɗin mota ga lebura ga haraji ga buhun da kansa ya yi tsada, wani lokaci ka ɗaure kaya farashi ya faɗi ka koma gida da bashi. Na yarda korar mutum don ya yi magana ba kyau, amma daga ba kyau zuwa ya kashe ta akwai tafiya mai nisa, wannan nake cewa.

Ustaz na Herwagana: Salamu alaikum. Hamma yana da gaskiya ta wani ɓangare kuma ya kamata a ba shi. Malaman fiƙihu sun raba tsakanin wanda ya aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi, idan suka haɗu galibi hukuncin duniya kan mai hannu yake komawa. Kuma Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Ba alƙalin da zai yanke wa Birling hukuncin kisa. Ko maganar Sayyidina Umar da ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu kan kashe mutum ɗaya da ya kashe su duka, wannan kan masu haɗa baki ne, su kuwa iyalin nan ba wanda ya san abin da ɗan uwansa ya yi sai a daren. Amma ayar ba ta wanke kowa ba, cewa ta yi kowa da nasa kayan. Birling ba za a tambaye shi gubar ba, za a tambaye shi korar. A Muwaɗɗa akwai ƙissar bayin Haɗib da suka saci raƙumar wani suka yanka, Umar ya fasa yanke musu hannu ya ce wa ubangidansu ina ganin yunwa kake bar su da ita, ya ci shi tarar ninki biyu na kuɗin raƙumar. Kun ga ba shi ya yi satar ba amma bai tashi a banza ba.

Adda ta Bolari: Ni uwar ce ta tsaya min a rai don aikin da take yi irinsa nake yi, muna da ƙungiyar mata a unguwa muna tara abin da ya samu musamman da azumi. Kuma zan faɗi abin da masu zaginta ba su sani ba, wlh ana mana ƙarya sosai, mace za ta zo ta ce mijinta ya rasu alhali yana nan da ransa a tasha, wata ta karɓa a nan ta zaga ta karɓa a can da wani sunan, dole ka yi bincike don kuɗin amana ne ba naka ba. To yarinyar nan ma da ƙarya ta fara, ta ce sunanta Madam Birling, ta ce miji ne ya gudu ya bar ta. Har nan ina tare da matar. Inda muka rabu, ita ba binciken ta yi ba, haushi ta ji an taɓa sunan gidanta kuma da bakinta ta ce wannan ne ya sa ta tsane ta tun farko. Sannan da yarinyar ta dawo ta faɗi gaskiya, ta ce yaron da ya yi mata cikin yana ba ta kuɗi amma ta daina karɓa don ta gane na sata ne, sai matar ta ce wai irin wannan yarinyar ba za ta ƙi kuɗi ba. Nan ne zaluncin. Kuma ba shiru ta yi ta bar sauran su yanke ba, ƙarfinta ta sa a kwamitin aka hana.

Adda ta Bolari: Ku yi haƙuri na yi tsawo amma bari in ƙara. Duk wadda ta zauna a irin zaman nan ta san ƙaryar kunya daban take da ƙaryar damfara. Mai damfara bakinta a sake yake, ta haddace labarin. Mai kunya za ta zauna can bakin tabarma kusa da takalma, ta ja hijabi ta rufe cikin, tana murza gefensa da yatsa, ka tambaye ta ina mijin ta ce ya yi tafiya ba ta ɗago ido ba. Irin wannan ba a gaban mata goma ake tone ta ba, ɗaki ake ja ta mutum ɗaya ya zauna da ita. Allah ya ce kada a yi wa mai roƙo tsawa, ya ce kyakkyawar magana ta fi sadakar da cutarwa ke bin bayanta, to ina ga wadda ba sadakar ba kyakkyawar maganar.

Malamar Adabi: Adda kin faɗi abin da ke raina. Sati biyu kacal tsakanin zuwanta wajen matar da mutuwarta, kuma a lokacin da ciki, ba aiki, ba kowa. Sauran sun cuce ta tana da sauran wata hanya, uwar ce ta same ta ba sauran hanya. Kuma wajen da aikinsa kenan taimako. Sannan ga inda ta dage wa sufeton cewa a nemo uban cikin a tona masa asiri a bainar jama'a, a hukunta shi, Sheila na roƙonta ta yi shiru don ta riga ta gane, ita ko a jikinta, ashe ɗanta take yanke wa hukunci. Laifi tudu ne.

Auta: Malama ni ɗaliba ce SS2, don Allah a bar ni in sa baki. Ni a ganina Eric ya fi kowa kuma ina mamaki yadda ake tausaya masa don kawai ya yi nadama a ƙarshe. A buge ya bi ta har masaukinta, ta ce kar ya shiga, ya yi barazanar zai tada rigima sai da ta bar shi, wannan ai fin ƙarfi ne ba soyayya ba. Da ba cikin da ba za ta je wajen uwar ba ma. Kuma fam 50 ɗin da ya ba ta daga ofishin babansa ya sata.

Baffa na Kumo: Auta ta yi magana. Fam 50 sule dubu ne, ku raba da sule 22 da sisi ku gani, ya haura albashinta na wata goma a masana'antar. Ɗa ya ɗebe wannan daga ofis ba a ma lura ba, a gidan da aka ce ƙarin sule biyu da sisi ya yi wa kamfani yawa.

Goggo Nas: Duk kun bar Gerald yana ta wucewa salin alin. Shi ne wanda ya fi ba ni tsoro don irinsa ne mutane ke cewa ai ya yi ƙoƙari. Eh ya cece ta daga wani dattijon banza a mashaya, ya ga yunwa take ji ya saya mata abinci, ya ba ta ɗakin abokinsa da ya yi tafiya. Amma daga Maris zuwa farkon Satumba 1911 ajiye ta ya yi, yana ce wa Sheila aiki ne ya masa yawa, da ya ga lokacin da ya dace da shi ya yi sai ya ba ta ɗan kuɗi ya ce a rabu. Yarinyar ta tafi bakin teku ta yi wata biyu ita kaɗai don ta riƙe daɗin abin a ranta. Wanda ya kore ka daga aiki ka san maƙiyi ne ka nemi wani wajen, wanda ya nuna maka kai mutum ne sannan ya janye shi ke karya zuciya. A wajen aiki muna ganin irin yaran nan, a kawo yarinya cikin dare, dangi sun cika baranda, abin da kowa ke tambaya shi ne wa ya ji, kar a faɗa a unguwa, da wuya ka ji mai cewa tun yaushe take cikin damuwa ba mu lura ba. Wanda ya jawo abin kuma ba za ka taɓa ganin ƙeyarsa a asibitin ba.

Ɗan Tudun Wada: To ni tambayata ita ba ta da laifi ne? An mayar da ita kamar waliyyiya. Ta bi maza biyu ba aure, ta kashe kanta da abin da ke cikinta. Talauci ba hujja ba ne, mata nawa ne a garin nan ke cikin wahalar da ta fi tata suna sayar da awara da ƙosai sun riƙe mutuncinsu.

Ustaz na Herwagana: Ba wanda ya halatta wannan ɗan uwa, kashe kai babban zunubi ne, zina ma haka, kuma duk wanda ke cikin ƙunci a zauren nan ko a gidansa ya yi magana da wani, a kai shi asibiti, ciwon damuwa ciwo ne ana maganinsa. Amma ka duba a Sahihu Muslim ƙissar mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu bin Amr, ya yi rashin lafiya a Madina ya kasa jurewa ya yanke gaɓoɓin yatsunsa jini ya zuba har ya mutu, Annabi SAW ya roƙa masa gafara har da hannayen nasa. Hisabin mamaci yana wajen Allah. Mu masu rai namu ake tambayarmu, wasan ma masu ran ya sa a gaba.

Malamar Adabi: Kuma Ɗan Tudun Wada ka lura da abu biyu. Eric ya yi maganar aure ta ƙi don ta san ba son ta yake ba, ga gidan kuɗi ga mafita amma ta ƙi. Kuɗin sata ma ta ƙi tana cikin yunwa. A duk mutanen wasan ita kaɗai ce ta bar wani abu da take buƙata saboda bai halatta ba. Masu awara da ka ambata Allah ya saka musu, amma yawancinsu akwai ɗakin uwa ko na yaya da za su kwana, akwai mai ba su bashin waken suya. Ita a 1912 take, mace ko ƙuri'a ba ta da ita a Ingila, asibitin kyauta na gwamnati sai 1948 ya zo, marar gata sai dai ƙungiyar masu kuɗi irin ta Madam Birling su ga dama.

Auta: Sheila fa? Ita tata ta fi ban haushi don ba dalili ko kaɗan, ta gwada riga ba ta yi mata kyau ba, ta hango yarinyar tana murmushi kuma ta ga ta fi ta kyau, shikenan ta je wajen manaja ta ce ko a kore ta ko gidansu su daina sayayya a shagon nasu na Milwards. Aikin kirki na ƙarshe da ta samu kenan.

Adda ta Bolari: Wannan kam kullum ana yi. Hajiya ta ce 'yar aiki ta kalle ta, a haɗa mata kaya a leda a sa ta a mota a mayar ƙauye ko kuɗin watan ba a cika ba. Amma Sheila ko ba komai tun da aka nuna mata hoton ta rikice, ba ta nemi mafaka ba har ƙarshe.

Hamma na Jekadafari: To ku tsaya, na je na sake duba ƙarshen. Ashe ma ba sufeton gaske ba ne! Birling ya buga wa shugaban 'yan sanda aka ce ba mai wannan sunan, Gerald ya buga asibiti aka ce an yi watanni ba a kawo wanda ya kashe kansa ba, hoton kuma mutum ɗaya ɗaya ake nuna wa, wa ya sani ko hotuna daban daban ne, sunan ma yau Eva gobe Daisy Renton. Kenan mai yiwuwa 'yan mata biyar ne daban kuma ba wadda ta mutu. To a kan me muke ta jayayya tun ɗazu?

Malamar Adabi: Hamma abin da Birling da matarsa da Gerald suka ce kenan, har suka koma dariya suna neman abin sha. Sheila da Eric suka ce to me ya canja? An kori wata daga aiki ko ba a kora ba? An yi wa wata ciki ko ba a yi ba? Kowannensu da bakinsa ya amsa, ba wanda aka doka. Idan ma biyar ne ai abin ya fi muni, mutum biyar aka cuta. Abin da ya fito fili shi ne tun farko iyayen ba mutuwar ce ta dame su ba, tonon asiri ne, shi uban yana jiran lambar girma daga sarki yana tsoron jarida, shi ya sa da ya ga abin zai fashe ya ce zai ba da dubbai, ihu bayan hari. Kuma ba ka ƙarasa ba, suna cikin murnar waya ta yi ƙara, 'yan sanda ne, yarinya ta mutu a hanyar asibiti, sufeto na nan tafe. A nan labule ya sauka.

Hamma na Jekadafari: Na gani. Amma gsky marubucin bai yi wa Birling adalci ba, ya sa shi yana cewa ba za a yi yaƙi ba, Titanik ba zai taɓa nutsewa ba, alhali duk mai kallo ya san jirgin ya nutse a Afrilun 1912 yaƙi kuma ya ɓarke a 1914. Da gangan ya mai da ɗan kasuwa wawa don duk abin da ya faɗa a ƙi shi. Da ya sa mai hankali a wajen da muhawarar ta fi haka.

Baffa na Kumo: Wannan na ba ka. Priestley ɗan ra'ayin gurguzu ne mai sassauci kuma bai ɓoye ba, ya yi yaƙin duniya na farko a matsayin soja, wasan ma a Tarayyar Sobiyet aka fara nuna shi a 1945 kafin Landan a 1946, shekarar 1945 ɗin ce kuma jam'iyyar Leba ta ci zaɓe. Wa'azi yake yi wa mutanen da suka fito daga yaƙi biyu kar su koma zaman 1912. Amma ko ka ba Birling hankalin duniya, korar tana nan.

Goggo Nas: Ni abin da ya rage min shi ne zoben. Da Gerald ya ga kamar an tsira sai ya miƙo wa Sheila zoben baikon da ta mayar masa, wai komai ya wuce. Ta ce tukuna, sai ta yi tunani. Malama a ajinku me yaran suka ce, ta karɓa ko kar ta karɓa?

Auta: Mu mata duk mun ce kar ta karɓa. Mazan suka ce ai ya faɗi gaskiya da aka tambaye shi.

Adda ta Bolari: Sai da aka matse shi ya faɗa, kuma shi ne ya fita ya nemo hanyar da za a ce ba a yi komai ba. Amma ku tuna uban yana son auren don kamfaninsa ya haɗu da na su Croft su daina gasa. Da a garin nan ne wlh kafin sati goggonni sun cika ɗakinta, wannan ta ce namiji ne kowa haka yake, waccan ta ce an riga an karɓi kaya za ki kunyata babanki, da wuya a bar ta ta yi tunanin ma.